Sawun Da Ya Ƙi Miƙewa

Da Ƙauna ta yaye ciyawar da ta lulluɓe irin doyarta ranar Litinin da safe, ƙasa ta tarar, sai kiyashi suna kai da kawo. Ba ta yi ihu ba. Zama ta yi daɓas a ƙarƙashin rumfar gonarta, ta ɗora hannu biyu a ka, har masu wucewa suka hango ta suka ratso. Kafin rana ta take tsaka babu wanda bai ji ba a Kwanar Ɗinya, kuma babu wanda bai riga ya san ɓarawon ba. Matsalar dai ita ce kowa da nasa ɓarawon.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Taraba ba. Jalingo ta zama babban birni, ƙasa ta yi daraja, aka kawo shirin raba wa ƙananan manoma gonaki. Katafila ta shiga dajin da ke gefen hanyar Sunkani ta kwantar da shi, aka auna, aka kafa turakun siminti, aka ba kowa fegi da sunansa. Ƙauna na cikin waɗanda suka yi rawa ranar rabon. Tun da mijinta ya rasu danginsa suka karɓe gonarsa, wannan ce ƙasa ta farko da wani ya taɓa cewa tata ce. Sai dai an gindaya sharaɗi: duk fegin da jami'ai suka zo dubawa suka tarar ba a shuka ba, a karɓe a ba wani.

Bara ta shuka masara, masarar ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya ta ƙi gaba. Bana ta sayar da keken ɗinkinta ta sayo irin doya daga Zing. Ga shi ruwan farko ya sauka, jami'ai za su zo ƙarshen makon nan, iri ya yi ɓatan dabo, kuma ba ta da wani keken da za ta sayar.

Nehemiya, sakataren kwamitin manoman, ya ga samari sun fara ɗaukar adduna suna ambaton ruga. Bai tsaya shawara ba, ya hau babur sai Abbare, gidan Siddiq mai bin sawu.

Siddiq dogo ne na ƙarshe, irin mutumin da ƙofofin mutane suka koya masa ladabi dole. A bin shanun sata ya yi ƙuruciyarsa, tsakanin Mutum Biyu da bakin Binuwai. Idan kana gaishe shi ƙafarka yake kallo, har maƙwabtansa na cewa ya fi sanin diddigensu a kan fuskarsu. Ya saurari Nehemiya har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya, ko an yi ruwa. Aka ce an yi ranar Asabar. Ya ɗauki hularsa.

* * *

Rabonsa da wurin tun yana daji. Da ya sauka daga babur ya daɗe a tsaye. A nan ya taɓa bin wani bijimi yini guda bai ga rana sosai ba saboda inuwa, yau ga fili fetal kamar an aske kai, ja jawur, babu ko bishiya ɗaya. Can ƙarshen fili kawai ake hango wata doguwar ganuwa ta itatuwa da kututture, inda katafila ta ture dajin ta jibge.

Rumfar Ƙauna tana jingine da wani falalen dutse, shi kaɗai ne ya gagari katafila. Kewayen rumfar kuwa 'yan jaje sun tattake komai. Siddiq ya yi tsaki, ya ce duk wanda ke ƙaunar matar nan ya koma bakin hanya ya tsaya. Ya fara zagaye yana faɗaɗawa, hannu a baya, har ya sami abin da yake nema.

Sawun mutum ne ba takalmi, ya fito daga gindin dutsen ya nufi ganuwar. Taku ne gajeru, yatsu ke fara taɓa ƙasa kafin diddige, irin tafiyar mai lalube. Kuma sawun ya ƙi miƙewa. Ya tafi kaɗan ya karkata dama, ya dawo, ya yi wata gwiwa zuwa hagu, a fili sumul da ko tsinke babu. A tsakiyar gonar garken shanu ya ratsa ya markaɗe komai, daga nan babu sauran abin karantawa.

Ƙauna ta biyo shi daga nesa. Ta tambaye shi ko za a samu, muryarta a dishe. Siddiq bai iya ƙarya ba, bai kuma iya lallashi ba. Ya ce mata doya dai ba ta tashi sama.

* * *

Ruga ya fara zuwa, shi da Nehemiya, don a kashe wannan wutar tukuna. Sajo, Bafillacen da ke da rugar, ya tarbe su da ƙwaryar nono da fuskar wanda ya riga ya ji abin da ake faɗa a kansa. Bai musa ba, shanunsa ne suka ratsa, ranar Lahadi da yamma. Ya ce burtalin da kakanninsa ke bi zuwa ruwa yanzu yana ƙarƙashin gonakin mutane, ya zaɓi inda ba a shuka komai ba ya wuce. Ya ce bai ga kowa ba.

"Siddiq, kai ka san ni," in ji shi. "Walahi ko ka ba ni doya kyauta, ban san ina kai ina gindi ba. Mi anda, ban sani ba. Nagge na ma ba ya ci."

Siddiq ya sha nono ya ce useko, godiyar Fulani. A hanya ya gaya wa Nehemiya cewa kofato ne ya hau kan sawun mutum, ba sawun ne ya hau kofato ba, ke nan an gama kwasar doya kafin shanu su iso. Ban da haka, Sajo ko wanka zai yi da takalmin robarsa yake shiga rafi. A cire shi daga zargi.

Da suka shigo ƙauye Nehemiya ya ce ya kamata su gai da Baba Tobiya, tunda dajin da aka raba yawancinsa na gidansu ne tun kaka da kakanni, ba a shiga maganar ƙasar nan a tsallake shi. Bukkarsa ce ta ƙarshe a ƙauyen, bayanta kwari ne da ke gangarawa rafi. Suka same shi zaune a kan gungume, ya rufe ƙafafu da tsohon bargo, sanda a cinya. Shekaru da dama ke nan da idanunsa suka tafi. A ƙauyen an ɗauke shi kamar turmi, yana nan inda aka bar shi, ana hira a gabansa kamar ba ya ji.

Ya ba Siddiq hannu, tafin nan kamar ɓawon itace. Aka tambaye shi ko yana zargin wani, ya ce a tambayi masu ido. Lokacin rabo an ce masa fegi na masu iya noma ne, aka ba ɗansa, ɗan kuma ya ba da haya ya tafi Jalingo leburan gini. Shi ba shi da ƙorafi, in ji shi, gwamnati ta fi shi gani.

Har sun miƙe ya ce, "Mai sawu, ka taka ƙasan?"

"Na taka, Baba."

"Wane launi yake yanzu?"

"Ja."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "Da baƙi ne," in ji shi.

* * *

Sunan da ya fi yawo a bakin mutane bayan na Sajo shi ne na Simeon. Feginsa na maƙwabtaka da na Ƙauna, an sha jin sa yana cewa mace ba za ta iya da gona irin wannan ba, da a ƙara masa. Ranar Lahadi duk ƙauyen na coci, har da taron mata bayan sujada, shi kaɗai ba a gan shi ba. Kuma kowa ya san inda burukutu ke kwana a Kwanar Ɗinya, cikin Simeon ne. Wa zai yi tafiya a karkace cikin fili in ba shi ba?

Suka tarar da shi ya riga ya yi nisa da sha tun la'asar ba ta yi ba. Ya rantse da kabarin uwarsa, ya yi kuka, ya zagi kwamiti, duk a numfashi ɗaya. Matarsa Rose ce ta yi magana mai kan gado. Ta ce ba ta san inda ya yini ranar Lahadi ba, ba za ta yi masa ƙarya ba. Amma a sani, da can ba haka yake ba. Da akwai daji, ita ke riƙe gidan da daddawa da man kaɗe, ko gona ta ba da ko ba ta ba da ba ana cin tuwo. Yanzu babu ɗorawa, babu kaɗanya, ga taki sai an saya, masara kuma ta ƙi. Tun daga nan ya fara zama a gidan giya.

Siddiq ya sa shi ya taka ƙasa mai laushi. Girman ƙafar ya yi kusa, ba takalmi, tafiyar a karkace. Nehemiya ya ja shi gefe ya ce ko a kai shi ofishin 'yan sanda, wataƙila in ya ga kaki ya faɗi inda ya kai doyar tun ba ta bar gari ba. Gaskiya ita ce Siddiq ma ya kusa yarda. Amma wani abu na masa ƙaiƙayi a rai, ya kasa gane ko mene ne, wannan kuwa na ba shi haushi fiye da komai. Ya ce a bari sai gobe.

* * *

Da ya idar da sallar asuba a masallacin bakin hanya ya koma gonar shi kaɗai. Mai bin sawu ba shi da aboki kamar rana mai fitowa, lokacin da haske ke zuwa a kwance, kowane ɗan rami ya yi inuwa. Ya durƙusa a gindin dutsen, sai ga abin da rana tsaka ta ɓoye masa jiya.

Ashe ba tafiya ɗaya ba ce. An je an dawo, an je an dawo, sau da yawa, zuwa da nauyi, dawowa sakayau. Abin da ya sa ya ɗauka sawu ɗaya ne, kusan kowane taku a kan ɗan'uwansa ya sauka. Kuma duk inda aka karkata a tafiyar farko, nan aka karkata a ta ƙarshe. Mashayi yana tangaɗi, amma ba ya maimaita tangaɗinsa. Simeon ya fita daga zargi.

Ya duba bakin sawun. Ƙafar ta fasa ɓawon da rana ta riga ta busar a saman ƙasa. Ke nan ba da dare aka yi ba kamar yadda kowa ke cewa, da rana ne tsaka, lokacin da ake coci. Mutum yana lalube da yatsun ƙafa, rana na bisa kansa.

Ya je inda sawun ya yi gwiwa ta farko, ya tsaya a tsakiyar abin da aka kewaye. Babu rami, babu ƙaya, babu suri. Ya zaro wuƙarsa ya fara tono, don dai ya rasa abin yi. Bai kai kamu ɗaya ba wuƙar ta ci karo da abu. Ya share ƙasa, ya ɓantaro ya sansana. Saiwar ɗorawa ce, katafila ta tsinke ta ta bar ragowar a binne.

Ya ruga gwiwa ta biyu, dattijo da shi, ya tona. Kaɗanya. Ta uku, maje.

Can gaba kaɗan sawun bai karkata ba, amma takun ya ƙara gajarta, yatsu sun nutse, kamar yadda mai kaya a ka ke yi idan ya rusuna zai wuce ƙarƙashin reshe. Zuwa da dawowa, duk a nan aka rusuna. Siddiq ya ɗaga kai ya duba. Babu komai a samansa sai sararin Allah da wata shirwa tana shawagi.

Ya bi sawun kura, ya bi na ɓarayi masu sa takalmi a juye, ya bi na mahaukaci, bai taɓa jin abin da ya ji a wannan safiyar ba. Tsoro ne ba tsoro ba. Ya zauna a ƙasa yana ta subhanallahi. Shi fili yake gani, amma wanda ya yi sawun nan cikin daji yake tafiya, dajin da aka share tun bara waccan.

Da ya dawo hayyacinsa ya tsallake turmutsitsin shanu, ya bi ganuwar itatuwan a hankali har ya ga wata kafa tsakanin manyan gungume biyu, da sawun a bakinta. Ya naɗe tsawonsa ya shiga. Ya jima a can. Da ya fito bai ce wa kowa komai ba, sai ya aika wa Nehemiya cewa a tara mutane a rumfar Ƙauna da hantsi, a kira Sajo, a zo da Simeon, a kuma ɗauko Baba Tobiya a babur.

* * *

Ƙauyen ya fito kaf. Sajo ya tsaya gefe da sandarsa a kafaɗa. Simeon ya zo garau, Rose ta tsare ƙofa tun asuba. Aka zaunar da Baba Tobiya a kan falalen dutsen, mutane na ta gunaguni, me ya sa za a wahalar da tsoho cikin rana.

Siddiq ya ce Sajo ya tashi daga dutsen ya nufi ganuwa. Sajo ya tafi sak kamar an ja zare. Ya ce Simeon ya bi. Simeon ma ya tafi sak, yana waiwaye don kowa ya shaida. Siddiq ya ce to, duk mai ido haka zai yi, fili ne.

Sannan ya zo gaban tsohon ya tsuguna, ya cire hularsa.

"Baba, na bi sawu tun ina yaro. Yau na ga wanda ya fi ƙarfina. Don Allah ka kai mu gonarka."

Wata mata ta fara dariya ta haɗiye. Baba Tobiya ya daɗe yana shafa dutsen da tafin hannu, daidai wani wuri da ya lotsa ya yi santsi, inda aka yi shekaru ana wasa garma. Sai ya miƙa wa Siddiq sandarsa, ya tuɓe takalman taya, ya sauke ƙafa ƙasa. Ya juya diddige ya jingina da dutsen, ya gyara tsayuwa, ya fara tafiya.

Mutumin da ake riƙe wa hannu zuwa bayan gida, ga shi yana tafiya shi kaɗai, ƙafarsa na faɗawa cikin sawun nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso gwiwa ta farko ya karkata dama, ya ɗaga hannun hagu ya shafi iska, daidai tsayin da mutum ke dafa gindin bishiya in zai wuce.

"Ɗorawan Mama," in ji Rose, ba da ƙarfi ba. "Wayyo, nan yake. Nan muke shanya kalwa."

Ya karkata hagu. Wata tsohuwa ta ce kaɗanya mai 'ya'ya biyu-biyu. Ya ɗaga ƙafa sama ya tsallake wani abu, wani dattijo ya ce saiwar majen nan da ke ka da yara. Mutane suka bi bayansa a hankali, ba wanda ya ce su bi. Kafin ya kai kowace bishiya wani ya riga ya kira sunanta, wasu na nuni da hannu, wasu na share hawaye. Da ya rusuna, rabin taron suka ce tsamiya a tare. Har Sajo ya matso, ya ce a gindinta yake hutawa in ya kawo shanu ruwa. Siddiq na biye da sanda a hannu, yana jin kamar inuwa ta sauko masa a ka, alhali rana na dukansa.

Ta cikin sawun shanu tsohon ya wuce bai yi ko gezau ba. A bakin ganuwa ne kawai ya tsaya ya laluba da hannu, don ita baƙuwa ce a wurinsa. Ya sami kafar ya shige, mutane suka bi, masu ƙarfi suka haura ta sama.

A bayan ganuwar, tsakaninta da rafi, akwai wata doguwar ƙasa da babu mai zuwa don tsoron macizai. Katafila ba ta kankare ta ba, kuma duk baƙar ƙasar da ta turo daga fili ruwa ya wanko ta ya zube a nan. Wurin cike yake da tulin ƙasa da aka shuka doya a ciki, layi bayan layi, kowane tuli ya kai ƙugun mutum, an shafe shi sumul, an ɗora masa hular ganye an danne da hoge don kada rana ta dafa iri. Manoman doya ne a wurin, 'ya'yan manoman doya. Wani dattijo ya durƙusa ya dafa tuli ɗaya kamar yana dafa kan jariri.

Ta kwarin bayan bukkarsa yake biyowa, in ji tsohon, tun ƙarshen damina, kullum in an watse gona. Da tsohuwar garmarsa ya tara su. Ba shi da iri, bai san ma me ya sa yake tarawa ba, hannu ne ya ƙi zama.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Kar a taɓa Bafillace, kar a taɓa Simeon. Na ji yarinyan nan yana faɗi ya sayo iri na Zing, zai sa a jan ƙasa. Jan ƙasa zai dafa shi kamar tukunya. Na kwana ban yi barci ba."

Nehemiya ya tambaye shi a hankali ko bai san an sare bishiyoyin ba ne.

"An gaya mini. Kunne ya ji." Ya ɗaga kafaɗa. "Ƙafa bai ji ba. In na miƙe zan ɓata. In na bi su, su suke kai ni."

Ƙauna ta ratso mutane ta tsaya a gabansa. Ba godiya ta zo yi ba. Ta ce tun Litinin ko ruwa da ƙyar yake wuce mata, ta ce saura kaɗan a ƙone rugar mutum, a kulle wani.

"Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya miki, za ki ba makaho doya?"

Ta juya ta dubi tulin doyar. Can ta ce, "Ba zan ba ka ba."

Sai ta juya ga Nehemiya, don abin da ke cin ranta bai kau ba. Doya ta shuku, amma jami'ai cikin turaku suke dubawa. In wurin nan ba nata ba ne, feginta na nan ja fetal babu ko tsiro, kuma ba a tone doyar da aka riga aka binne a sake mata wuri ba tare da an yi asara ba. Nehemiya ya share zufa. Ya ce ya san turakun wannan layin na bayan ganuwa, amma tun da aka kafa su ba wanda ya leƙo, ba zai yi rantsuwa a kan abin da bai gani ba.

"Akwai wani dutse a bakin rafi," in ji Baba Tobiya. "Ba na babana ba ne. Yana da kusurwa huɗu. Ya fasa mini yatsa."

Ya kai su. Nehemiya ya sa hannu ya tuge ciyawa, ga turken siminti. Ya tsaya a kansa ya hango rumfa, ya hango ɗaya turken da ke bakin hanya, ya sake dubawa don kada ya yi gaggawa. Sannan ya ce duk tulin nan, har na ƙarshe, cikin gonar Ƙauna suke. Gona ta shuku, duk jami'in da ya zo shi zai shigo da shi ta kafar nan da kansa.

Ƙauna ta koma wurin doyarta. Ta zauna a gindin tuli ta yi kukan da ba ta yi ba ranar Litinin. Dattawa suka je suka ba Sajo haƙuri, ya ce ba komai, fuskarsa dai ba ta gama cewa haka ba. Simeon ya buɗe baki zai yi jawabi, Rose ta taka masa ƙafa.

Da ta share ido ta ce ba za ta kai kowa ƙara ba. Doyar farko da za a haƙa ta Baba ce, kamar yadda ake yi wa mai ƙasa. Amma tana da sharaɗi, ita ma ta koyi gindaya sharaɗi. Gobe za ta zo da garma ya koya mata tuli. Kuma za ta nemo kalwa da ƙwarar kaɗanya, ya bi da ita ya nuna mata inda kowace bishiya take, ɗaya bayan ɗaya.

"Ba zan ci 'ya'yansu ba," in ji tsohon.

"Ƙafarka dai za ta daina ƙarya," in ji ta.

Ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba.

Da za a koma, shi ya shige gaba, Ƙauna na bin sa, sauran mutane suka jeru a baya. Fili ne fetal, ga rumfa can ana hangowa, amma babu wanda ya yanke. Inda ya karkata suka karkata, inda ya tsallake suka tsallake. Siddiq ne na ƙarshe, riƙe da sandar da mai ita bai nema ba. Shi ya tona ƙasar nan da hannunsa, ya fi kowa sanin babu komai a wurin. Da ya iso gindin tsamiyar, sai ya dafe hularsa ya sunkuyar da kai ya wuce.